Itachi: tun farko aka tsara shi haka, ko daga baya aka wanke shi?

Na Ƙofar Ƙaura:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. In ja kunne tukuna: duk wanda bai kai kashi na 141 na Naruto Shippuden ba ya tsallake wannan zaren, don za a fasa ƙwai.

Gardama ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu kallo a nan Ƙofar Ƙaura. Wasu sun ce tun ranar da marubucin Naruto, Masashi Kishimoto, ya fito da Itachi ya san ba mugu ba ne, ɓoyewa kawai ya yi. Wasu sun ce sam, mugu aka zana shi, da aka ga ya samu karɓuwa sai aka nemo uzuri aka liƙa masa. Hujja nake nema daga cikin labarin, da lambar kashi in da hali, ba "ni dai ina son shi" ba. Sannan in har umarni aka ba shi ya kashe danginsa na Uchiha, mi ya sa ya azabtar da ƙanensa Sasuke da Tsukuyomi, rufa-idon nan na azaba, har sau biyu?

Ɗan Rafindadi:

Wa alaikumus salam. Abu biyu ake cakuɗawa a gardamar nan. Ko marubucin ya san akwai wani asiri a ƙarƙashin kisan, wannan daban. Ko ya riga ya tsara komai dalla-dalla, wannan ma daban. Na farkon akwai shaidarsa a cikin Naruto na farko mai kashi 220, tun kafin Shippuden ya fara a 2007.

Ka koma kashi na 129 zuwa 131, inda Sasuke ke tuna baya ana tsakiyar faɗansa da Naruto. A kallon farko hankali kan gawarwaki yake tafiya, amma wannan karon ka kasa kunne ga maganar manya. Mahaifinsu Fugaku ya tsare Itachi cikin dare a kan wani taro da ya ce dole ya halarta, yana kuma tuna masa cewa shi ne mahaɗin dangi da manyan gari. Wane irin taro ne dangi ke yi a ɓoye, kuma don mi suke buƙatar kunne a cikin Anbu, rundunar sirri ta gari da Itachi ke wa aiki? Bayan nan 'yan sandan Uchiha su uku suka zo ƙofar gida da takardar da Shisui, aminin Itachi da aka ce ya kashe kansa, ya bari. Suka ce mutum biyu ne kaɗai ba su je taron ba, shi da Shisui, kuma Shisui ɗin aka ɗora wa aikin sa masa ido. Dangin da ke bin sawun ɗansu suna da abin da suke ɓoyewa. Ba wanda ya ambaci juyin mulki a wurin, amma alamunsa duk suna nan. A daren kisan kuma Itachi da bakinsa ya gaya wa Sasuke cewa in ya buɗe Mangekyo, babban matakin Sharingan, idon gadon Uchiha, za su zama su uku masu ita, ya kuma tura shi ɗakin taron sirri da ke ƙarƙashin tabarma ta bakwai a wurin bautar Naka. Na ukun nan bai bayyana ba sai a Shippuden, da fuska a rufe.

Sai zuwansa garinsu Konoha shi da abokin aikinsa Kisame, kashi na 80 zuwa 85, jim kaɗan bayan mutuwar shugaban garin, Hiruzen, Hokage na Uku. Kada ka bi abin da ya faɗa, ka lissafa abin da ya aikata. Mutumin da ya zo satar Naruto ya shigo gari sanye da rigar Akatsuki, ƙungiyar 'yan ta'addar da ya shiga, ya zauna a shagon shayi kowa na ganinsa. Ya gamu da mayaƙan garin, Asuma da Kurenai da Kakashi, bai kashe ko ɗaya ba. Kakashi da ya sha awa 72 na azaba cikin Tsukuyomi, shi kansa yana mamakin abin da ya hana a ƙarasa shi. Guy na isowa Itachi ya ce wa Kisame su janye, ba yaƙi suka zo tayarwa ba. A gaban Jiraiya, malamin Naruto, ma haka, ya ƙona hanya da Amaterasu, baƙar wutar idonsa, suka fice. In ka tattara, Akatsuki ba ta tafi da komai ba, Konoha kuwa ta tabbatar Naruto ake farauta. Daga baya aka bayyana dalilin zuwan: Hiruzen da ya yi alkawarin kare Sasuke ya mutu, sai Itachi ya zo ya nuna wa Danzo, ɗaya daga manyan gari, da sauran dattawa cewa yana raye, kuma asirin gari yana hannunsa in aka taɓa ƙanensa.

Amma 'yan ɗaya ɓangaren ma ba su tashi a tutar babu ba. A wannan zuwan ne, da Kakashi ya ambaci sunan Akatsuki, Itachi ya ce wa Kisame ya ɗauke Kakashi ya kawar da sauran biyun. Da Guy ya makara fa? Labarin bai amsa ba. Danzo kuma, wanda aka jingina masa komai, bai leƙo ko sau ɗaya ba a kashi 220 ɗin nan, shi da ƙungiyarsa ta ƙarƙashin ƙasa. Zancen ƙwace idon Shisui da Kotoamatsukami, dabarar idon ta juya tunanin mutum, sai can gaba sosai suka shigo. Labari ne da aka riƙa bugawa mako-mako a mujallar Weekly Shonen Jump daga 1999 zuwa 2014, babi 700, gaskiyar Itachi kuma sai wajen babi na 400 ta fito, a 2008. A ganina asirin tun farko an binne shi, sunayen masu hannu da yadda aka ƙulla abin ne aka riƙa ƙarawa a hanya.

Ta Kusugu:

Sannu da ƙoƙari Malam na Rafindadi. Kai ka kawo shaidu, ni kuma a kan masu ba da shaidar zan tsaya, don a nan mafi yawan masu gardama ke zamewa. Daren nan ba sau ɗaya aka ba da labarinsa ba, kuma duk wanda ya bayar yana da abin da yake nema.

Abin da muka fara gani tunanin yaro ne ɗan shekara 7 ko 8, wanda aka jefa cikin rufa-ido. Ke nan abin da Itachi ya so ya gani shi ya gani. Tunanin ma da giɓi. Sai bayan mutuwar Itachi Sasuke ya tuna cewa a daren ya tashi ya bi shi, idonsa ya buɗe, ya jefe shi da wuƙaƙe har ƙyallen goshinsa ya faɗi, kuma da Itachi ya waiwayo hawaye yake.

A faɗan ƙarshe, Shippuden 135 zuwa 138, Itachi ya ba da nasa: wai ya bar Sasuke da rai ne don ya ƙwaƙule idanunsa ya tsira daga makanta, yadda ya ce Madara, tsohon shugaban Uchiha, ya yi wa nasa ƙanen. Wannan tsokana ce da manufa. Yana so Sasuke ya zazzage ƙarfinsa kaf, domin ƙarfin nan ne ke danne Orochimaru, mugun malaminsa da ya haɗiye, a jikinsa. Kirin, aradun da Sasuke ya saki, na fita, ƙarfi ya ƙare, Orochimaru ya ɓullo, Itachi ya soke shi da takobin Totsuka ya kulle shi, tambarin da ke wuyan Sasuke ya tafi. Ku duba tsarin faɗan da kyau, wajen nan aka nufa tun daga farko. Kuma ba Sasuke ya kashe shi ba. Sasuke ya jingina da bango ba shi da sauran dabara, Itachi mai ciwo yana aman jini ya tako ya dungure masa goshi da yatsu biyu ya faɗi.

Sai Tobi, mai rufe fuskar nan na Akatsuki, kashi na 140 da 141, wanda mutane ke ɗaukar maganarsa kamar an gama shari'a. Tobi irin dillalin nan ne da zai gaya maka gaskiyar shekarun saniya da nonon da take bayarwa, ya yi gum a kan cewa ta sata ce. Juyin mulkin da Uchiha suka shirya gaskiya ne. Zaman Itachi ɗan leƙen asiri na ɓangare biyu gaskiya ne. Umarnin manya gaskiya ne. Bai ma ɓoye cewa da hannunsa a kisan ba. Amma ya ce shi ne Madara, alhali Obito ne, abin da sai a kashi na 343 aka buɗe. Ya kuma ce harin Kurama, dabbar nan mai jela tara, a daren haihuwar Naruto annoba ce kawai da ta faɗo, aka ɗora wa Uchiha bisa zalunci, alhali shi ya saki dabbar ya juya ta da Sharingan. Wannan ƙaryar ita ce babba, don zargin da ya biyo bayan harin ne ya sa aka tattara Uchiha a unguwa guda a gefen gari ana sa musu ido, abin da ya kai su ga shirin juyin mulki. Mai ba da labarin zaluncin shi ya kunna wutar. Itachi ya san haka zai yi, shi ya sa ya dasa Amaterasu a idon Sasuke ta tashi da zarar ta ga Sharingan ɗin Tobi. Tarkon ya tashi, bai dai kashe shi ba.

Don haka duk abin da Tobi ya faɗa, kada a karɓa sai an samu na biyu. Danzo ya tabbatar da umarnin a faɗansu da Sasuke, 209 zuwa 211. Hiruzen ya amsa nasa sakacin da aka tayar da Hokage huɗu daga matattu, wajen 366. Mafi ƙarfi shi ne kashi na 339, inda Itachi, wanda Kabuto, yaron Orochimaru, ya tayar daga matattu, ya daina bayani da baki ya nuna wa Sasuke abin da ya gani da idonsa: Shisui ya ba shi idon hagu bayan Danzo ya ƙwace na dama, ya faɗa kogin Naka, Danzo ya ajiye masa zaɓi biyu, ko ya bi dangi a hallaka su duka har da Sasuke, ko ya yi aikin da hannunsa a bar masa ƙanensa, iyayensu sun durƙusa sun ba shi baya ba su ɗaga hannu ba, suka bar masa amanar Sasuke. A nan kaɗai ba shi da sauran abin da zai samu da ƙarya.

Ɗan Gobarau:

Hajiya ta Daura, bayaninki ya zauna, amma ku duka biyun kun kewaye tambayar mai zare ta biyu. Sanin dalilin mutum ba ya mayar da aikinsa daidai, kuma a nan masoyan Itachi ke rufe ido.

Mu ɗauka kisan manyan da suka shirya juyin mulki ya zama dole. Waɗanda suka zauna a taron Naka mayaƙa ne. Tsoho da tsohuwar nan masu shagon biskit ɗin shinkafa da Sasuke ke gaisarwa in zai tafi makaranta, su wane juyin mulki suka shirya? Yara fa? Hujjar Danzo ita ce duk wanda aka bari zai taso da ɗaukar fansa. Wannan hujjar ta rushe kanta, don an bar guda ɗaya, kuma Itachi da kansa ya cusa masa fansar. Mutum biyun da ke da hannu a kisan kuwa su suka kwashi riba: Danzo ya jera Sharingan goma a hannunsa na dama yana ƙona su ɗaya-ɗaya da Izanagi, dabarar kauce wa mutuwa, kowanne kusan daƙiƙa 60, Tobi kuma yana da ɗaki guda cike da idanu a cikin kwalabe. Yaron ɗan shekara 13 ne, komai hazaƙarsa, kuma manya biyu sun yi wasa da hankalinsa. Wannan ya fi kusa da gaskiya a kan a ce shi ne mai hangen nesan da ba ya kuskure.

Batun Tsukuyomi kuwa, dalilin da labarin ya bayar shi ne yana so Sasuke ya tsane shi, tsanar ta ba shi ƙarfi, ya kashe shi, ya koma Konoha a matsayin gwarzon da ya wanke sunan Uchiha. To a bi shirin mataki-mataki a ga inda ya kai. A kashi na 84 zuwa 85 ya karya masa hannu, ya maƙure shi da bango, ya sake nuna masa kisan iyayensa na awa 24, ya ce masa tsanarsa ba ta kai ba. Yaron bai farfaɗo ba sai da aka nemo likita Tsunade. Kafin wannan ranar Sasuke ya fara sakin jiki da Naruto da Sakura, har ya sa ransa a gaba dominsu a faɗan Haku da na Gaara. Bayan wannan ranar ya ƙalubalanci Naruto a saman asibiti, ya bi mutanen Orochimaru ya bar gari. Wato wanda ya zo kare shi daga Danzo shi ya tura shi hannun mai son sace jikinsa.

Sannan shawarar nan ta cewa hanyar Mangekyo ita ce ya kashe babban amininsa. Wannan ba ta da kariya ko kaɗan. Da Sasuke ya bi ta a ƙarshen faɗansu, da Naruto ya mutu, mai ɗauke da Kurama, babban makamin garin da ake cewa ana karewa. Abin da ya hana shi ne taurin kan Sasuke na ƙin bin hanyar da wansa ya shata masa. Ba shirin Itachi ba ne ya yi aiki, saɓa masa aka yi.

Na ƙarshe hankakan da ya cusa a cikin Naruto. Mutane na tafa wa wannan a kashi na 298 da 299 saboda shi ya kuɓutar da Itachi daga ikon Kabuto. Ku tuna wa aka haƙa wa tarkon. Idon Shisui ne a jikin hankakan, an ɗora masa umarnin kare Konoha, zai tashi in ya ga Mangekyo ɗin Itachi, domin Itachi ya yi lissafin Sasuke zai dasa idanunsa. Ma'ana in yaron ya ƙi tafiya yadda ake so, a juya masa tunani ba tare da ya sani ba. Shi ne daidai abin da Danzo ya yi wa Mifune da ɗaya idon a taron Kage biyar, shugabannin manyan garuruwa, har Ao ya gano shi da idonsa na Byakugan. Danzo ya yi mun ce azzalumi, Itachi ya shirya wa ƙanensa mun ce ƙauna.

Ɗan Rafindadi:

Ban musa ko ɗaya ba, ɗan'uwa, sai dai ka bar abin da ya fi ƙarfafa maganarka. Labarin da kansa ya yarda da kai. Itachi ya ƙone hankakan da Amaterasu bayan ya yi aiki, ga shi idon sai ya shekara goma kafin ya sake amfani in babu ƙwayoyin jikin Hashirama, Hokage na Farko, ya kuma bar wa Naruto al'amarin Sasuke. A faɗan Kabuto, 334 zuwa 339, ya yi ta nanata cewa shi ya gaza saboda ya ɗauka komai shi kaɗai zai iya. Izanami, dabarar idon da ya ɗaure Kabuto da ita, ma ba ta sakin mutum sai ya amince da ko shi wane ne ya daina yaudarar kansa, kuma a bayyane yake da kansa yake. A ƙarshe ya ce da ya fuskanci Sasuke da gaskiya tun farko, mai yiwuwa da shi ya sauya iyayensu da dangin. Saboda haka masu cewa an wanke shi ba su kai 339 ba, ko sun kai ba su saurara ba. Masu kallo ne suka wanke shi, ba marubucin ba.

Mai Tura Finafinai, Sabuwar Unguwa:

Malamai, rabin gardamar nan daga memori take farawa, bari in gyara muku ta nan.

Lambar kashi iri biyu ce ke yawo. Akwai wadda ke fara Shippuden daga 1 zuwa 500, ita kowa ya yi amfani da ita a zaren nan. Akwai kuma wadda ke ɗorawa a kan 220 na farko, sai Shippuden na 1 ya zama 221. A wannan lissafin, kashi na 141 da Tobi ya fasa ƙwai zai fito da lamba 361, mutuwar Itachi ta 138 ta zama 358. Inda matsalar take, Shippuden yana da nasa 358 da 359 na ainihi, kuma su ma a kan juyin mulkin Uchiha da daren kisan suke, cikin zangon Kakashi a Anbu, 349 zuwa 361. Wannan zangon kamfanin Pierrot ne ya faɗaɗa shi, ba haka yake a littafin zanen ba. Sai mutum biyu su yi ta musu a kan "358", kowa da abin da ya kalla. Maganinsa, in lambar fayil ta wuce 500, ko ka ga babban fayil ɗin ya fara daga 221, ka cire 220. Haka kuma a tabbatar an rubuta Shippuden a sunan. Wanda aka tura wa 136 zuwa 141 na Naruton farko ciko zalla zai tarar, babu Itachi a ciki.

Na biyu, 451 zuwa 458, labarin Itachi tun yana ƙarami, wanda aka nuna a 2016. An ɗauko shi daga littattafan zube biyu da Takashi Yano ya rubuta, ba Kishimoto ba, kuma masu fim ɗin sun sake sauya wasu wurare. Izumi, yarinyar da ake ta sa hotonta a TikTok da waƙar baƙin ciki, babu ita da suna a littafin zanen. A littafin zube Itachi ne ya kashe ta da Tsukuyomi bayan ya nuna mata rayuwa guda cikakkiya tare da shi har tsufa, a fim kuwa Tobi ne ya kashe ta. Mangekyo ɗin da Fugaku ya nuna a wannan zangon ita ma babu ta a littafin zanen. Duk wanda ya kafa hujja da waɗannan a kan abin da Kishimoto ya tsara tun farko, hujjarsa ba ta tsaya ba, don bayan an gama littafin a 2014 suka zo.

Mai son ya yanke wa kansa hukunci ba sai ya sake kallon kashi 720 ba. Naruto na farko: 80 zuwa 85, da 129 zuwa 131. Shippuden: 135 zuwa 141, 209 zuwa 211, 298 da 299, 334 zuwa 339, 366 zuwa 370. Kashi 32 ke nan, kowanne kusan minti 23, awa 12 da ɗoriya. Memori mai giga 4 ya ɗauke su in ba masu nauyi aka tura ba. A bi su yadda na jero. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara ba sabon mai kallo 451 zuwa 458 wai don shi ne farkon rayuwar Itachi. In ya fara da nan ya riga ya san komai, sai ya kalli 80 zuwa 85 yana ganin kowane motsi alama ce, ba zai iya bambance abin da aka binne da gaske da abin da shi ya ɗora ba. Gajerun bidiyon da ake yankowa ana haɗa hawayen da aka nuna a Shippuden da daren 131 wuri guda su ma haka suke yi, suna sa a ɗauka tun farko an nuna hawayen.

Na Ƙofar Ƙaura:

Allah ya saka da alheri, wannan lissafin na 220 kaɗai ya kashe wata rigimar. Saura guda. Tunda Sasuke ya ji wansa don Konoha ya yi komai, mi ya sa ya juya kan Konoha ɗin? Nan ne masu cewa labarin ya ɓaci suka fi kafewa.

Ta Kusugu:

Ɗan'uwa, da ya koma gida yana murna ai da nan ne labarin zai ɓaci. Shirin Itachi a kan sharaɗi ɗaya ya rataya, kada Sasuke ya taɓa sani. Da sharaɗin ya faɗi, ka tsaya a inda yaron yake ka duba. Kusan shekara tara ba shi da wani buri sai kashe mutum ɗaya. Ya bar gari, ya bar abokai, ya kai kansa ga Orochimaru saboda wannan. Yana farfaɗowa a kogo aka ce masa wanda ya mutu a gabansa shi ne ya fi kowa son sa, kuma waɗanda suka sa shi aikin suna zaune lafiya a kujerunsu. Tsanar da aka shekara ana hura masa ba ta da inda za ta, sai Tobi ya nuna mata hanya. Shi ya sa ya sauya sunan tawagarsa daga Hebi zuwa Taka a ƙarshen 141.

A lura kuma ba rana ɗaya ya haukace ba. Da farko sunaye uku ya kama a gaban tawagarsa: Danzo, Homura, Koharu, dattawan gari. Daga baya abin ya faɗaɗa ya haɗa gari duka, bisa hujjar cewa duk mai dariya a Konoha da jinin Uchiha aka saya masa zaman lafiyar. Mafi munin lokacinsa daga taron Kage biyar ne zuwa faɗan Danzo, inda ya soke Karin, 'yar tawagarsa, don ya samu Danzo da ke garkuwa da ita. Bayan 339 bai ce ya yafe ba, bai kuma ce zai ci gaba ba. Ya dawo da Orochimaru, aka tashi Hokage huɗu, ya zauna ya tambaye su mene ne gari, mene ne dangi. A nan Tobirama, Hokage na Biyu, ya kare ba wa Uchiha aikin 'yan sanda, wanda Orochimaru ya ce shi ya ware su daga jama'a ya sa aka tsane su, Hashirama kuma ya ba da tarihinsa da Madara. A 370 ya yanke zai shiga yaƙin don kada wahalar Itachi ta tafi a banza. Ko bayan yaƙin, shirinsa na kashe Kage biyar ya ɗauki tsanar duniya shi kaɗai, hanyar Itachi ce ya faɗaɗa, wato bai ɗauki gargaɗin da aka yi masa a 339 ba sai da Naruto ya tare shi.

Inda nake ganin masu suka suna da gaskiya ba a kan Sasuke ba ne, a kan Konoha ne. Tobi ya gaya wa Naruto da Kakashi da Yamato gaskiyar a Ƙasar Ƙarfe, Kakashi ya ce a yi shiru tunda babu tabbaci. Tabbaci ya zo daga baya, daga bakin Danzo da Hiruzen da Itachi, Kakashi ya zama Hokage na Shida, Naruto na Bakwai, ba a nuna an tara jama'ar gari an gaya musu ba. Danzo dai ya mutu a faɗansa da Sasuke. Homura da Koharu kuwa ba wanda ya tuhume su, har a Boruto, ci gaban labarin, suna nan ana zuwa neman shawararsu.